Tambaya da Amsa: Ruwan tankin kifina ya ƙi tsayawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tankin gilashi na kifin ado, tsawonsa santimita 100, faɗinsa 40. Zafin bazara na sa ruwan saurin ƙafewa, sai na haɗa fulota (makunnin da ke tasowa da sauka tare da ruwa) da ƙaramin famfo mai volt 12 da jarka mai lita 20 da na ɗora a kan kanta. Famfon yana tashi idan ruwa ya ja baya, amma wani lokaci sai ruwan ya yi ta zuba har ya malale ɗaki. Ina gizo ke saƙar? Daga mai karatu, Rumde Ajiya, Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka kwance komai tukuna. Jira sa'ad da ruwan ke zuba, ka zare wutar famfon, ka duba bakin tiyo.

In ruwan ya ci gaba da zuba, laifin na kantar ne, kuma ita muka fi zargi. Muddin ruwan jarka ya fi bakin tiyo tudu, da zarar famfo ya cika tiyon, ruwa zai yi ta gangarowa da kansa, kamar yadda ake zuƙo fetur daga tankin babur. Sauke jarkar ƙasa, ka ɗaure bakin tiyon santimita 2 a saman ruwan tanki. Kada ka nutsa shi ciki, don in famfo ya mutu ruwan kifin ne zai koma jarka.

In kuwa ya tsaya cak, fulotar ce. A cikinta akwai siraran ƙarfe biyu da maganaɗisu ke haɗawa, kuma ba su jure wa ƙarfin wutar da famfo ke ja lokacin tashi. A hankali sai su manne da juna. Sa rile (makunnin da ƙaramar wuta ke sarrafawa don ya kunna babba) mai volt 12 a tsakani, fulota ta kunna rile, rile ya kunna famfo, sannan ka gitta diyod (ɗan abin da ke barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai) mai lamba 1N4007 a ƙafafun nadin rilen, gefen diyod ɗin mai zobe yana wajen waya mai alamar +. Wutar gida mai volt 220 kuwa, ko kusa da fulota kada ta zo. Gansakuka da farin ɓawon da ruwa ke bari su ma suna riƙe ta, haka ƙananan dodon koɗi. A jiƙa ta cikin ruwan khal duk wata, a ɗauraye sosai kafin a mayar. Yanki na bututun roba mai ƴan huji, in aka rufa mata, yana kare ta daga motsin ruwa da ke sa famfo kunna-kashe.

Sai lissafin da mutane ke tsallakewa. A tankinka kowane santimita 1 na zurfi lita 4 ne. In saura santimita 3 ruwa ya kai baki, lita 12 kaɗai zai iya ƙara ɗauka, alhali jarkarka na da 20. Riƙa zuba lita 10, ko da komai ya lalace ɗakinka ba zai jiƙe ba. Ƙara fulota ta biyu santimita 1 a saman ta farko, a jere kan waya ɗaya, ta yanke wuta in ta ƙasan ta maƙale.

Ruwan famfon gari a bar shi ya kwana a buɗe kafin ya shiga jarka, saboda sinadarin kulorin. Kuma ciko ba ya maye gurbin canjin ruwa: tururi ke tashi, gishirin da dattin suna nan. Kwashe kashi ɗaya cikin biyar duk mako ka zuba sabo.