Tambaya da Amsa: Ƙaton damon Komodo ko ɗan ƙudan fure, wa ya fi shiga uku?

Tambaya: Salam Malam. Ni mai sayar da albasa ne a kasuwar Mile 12 nan Legas, yarona ya nuna min bidiyon wani ƙaton damo a waya wai ya kusa ƙarewa, sannan wai akwai wani ƙuda shi ma ana ta kashe kuɗi don kar ya ƙare. Na damon na gane, amma ƙuda fa? Wanne ya fi shiga haɗari?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Wannan da ka gani damon Komodo ne, dangin damo da guza ɗinmu, sai dai shi yana kai mita 3 kuma har barewa yake kayarwa. A daji babu shi ko'ina sai wasu tsibirai na Indonesiya irin su Komodo, Rinca da Flores, kuma a 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi a layin masu fuskantar ƙarewa, saboda teku na ƙaruwa zai iya cinye gaɓar da yake zama, tsibiri kuwa ba wajen gudu.

Ƙudan kuma ba irin na bola ba ne, ƙudan fure ne mai shigar zuma amma ba ya harbi, za ka gan shi ya tsaya cak a iska. Wanda ake ta ɗawainiya da shi a Sikotilan sunansa Blera fallax, tsutsarsa ba ta rayuwa sai a ruwan da ya taru cikin ruɓaɓɓen kututturen bishiyar da Turawa ke kira pine, da aka sare tsofaffin dazuka sai ya rasa wajen haihuwa, yanzu har kiwonsa ake a gidan zu ana sakewa daji.

In ƙarewa kwata-kwata ake magana damon ya fi shiga uku, don ƙudan akwai sauransa a wasu ƙasashen Turai. Amma shi damon ɗan gata ne, tun 1980 aka keɓe masa gandun daji, 'yan yawon buɗe ido na biyan kuɗi su kalle shi. Ƙuda wa zai biya ya kalla? Alhali rahoton IUCN na 2022 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na nau'o'in ƙudan fure a Turai suna cikin haɗari, kuma danginsa suna barbarar furanni har da na albasa in an bar ta ta yi iri, tsutsar da yawansu kuma darɓa take ci a gona. To Alhaji ka ga dangin ƙudan nan sun fi damon kusa da buhunka nesa ba kusa ba.