Neman kakan da ya yi hijira daga Poland: ina ya kamata a sa kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana muna zaune a Amurka. Kakan mahaifinsa ya shigo ƙasar daga Poland wajen 1908, muna so mu gano garinsu. Gwajin DNA za mu saya, ko mu biya kuɗin Ancestry, shafin intanet na binciken asalin iyali, ko mu ɗauki mai bincike a can?

Amsa: Wa'alaikumussalam, Malama. Ku riƙe kuɗinku tukuna har sai kun samo sunan ƙauyensu. A Poland coci-coci da ofisoshin yanki ne suka rubuta haihuwa da aure da mutuwa, don haka mai binciken da ba a ba shi sunan ƙauye ba lalube kawai zai yi, kuna biya.

Sunan ƙauyen yana cikin takardun Amurka. Ku fara da takardar neman zama ɗan ƙasa, domin tun daga Satumba 1906 ana rubuta garin haihuwa da ranar isowa da sunan jirgin ruwa. Da wannan sai ku nemo jerin fasinjojin jirgin. A 1908 jerin yana da shafi biyu, kuma garin haihuwa a shafi na biyu yake, wanda mutane da yawa ba sa buɗewa. A na farko kuma akwai sunan ɗan'uwan da ya baro a gida da adireshinsa. Ana duba waɗannan kyauta a shafin binciken asali na FamilySearch da shafin Ellis Island, tsibirin da ake karɓar baƙin hijira a New York a wancan zamani. In ya yi aure a Amurka, ku tuntuɓi cocin, sau da yawa limamin cocin yakan rubuta inda aka yi wa ango baftisma.

Kada ku ruɗe in kun ga an rubuta Rasha ko Jamus ko Ostiriya. Daga 1795 zuwa 1918 babu ƙasar Poland a taswira, maƙwabta uku sun raba ta. Sunaye ma sun sauya: wanda ake kira Stanley a Amurka sau da yawa asalinsa Stanisław ne, Walter kuma Władysław, mace kuwa Kowalska take in mijinta Kowalski ne.

Ancestry na da amfani in ta tashar jirgin ruwa ta Hamburg a Jamus ya taso, saboda jerin fasinjojin tashar na 1850 zuwa 1934 yana nuna garin da mutum ya baro. Kuɗin wata ɗaya ya isa. DNA kuwa dangi yake nunawa, ba ya faɗin ƙauye, a bar shi sai takardu sun ƙare.

Tambaya: Na samu ƙauyen, amma na kasa karanta takardar rajistar da na samo daga Poland. In biya mai fassara?

Amsa: Ɗan'uwa, duba harshen tukuna. A ɓangaren Rasha da Polanci aka rubuta har zuwa 1868, daga nan sai Rashanci, da kwanan wata biyu masu tazarar kwana 12 a ƙarni na 19; na biyun ne ya dace da kalandar yau. Na ɓangaren Ostiriya da Latin suke cikin layuka, ɗan jerin kalmomin Latin da ma'anarsu ya ishe ka. Na Rashancin rubutun hannu ne mai wuya, shi ya cancanci a biya. Kafin nan ka tabbatar takardar taku ce ta hanyar Geneteka da Szukaj w Archiwach, shafukan intanet na neman tsofaffin takardun Poland, duka kyauta, domin ƙauyuka masu suna Nowa Wieś ko Dąbrowa suna da yawan gaske. Takardar haihuwar da ba ta kai shekara 100 ba tana ofishin rajista na yankin, sai ka rubuta musu da shaidar dangantaka.