Amsa: Lissafin mol ya gagare ni

Ƙanwata, kin ce kina SS1, kin haddace 6.02 × 10²³ amma da an kawo lissafin mol a darasin kemistiri sai kanki ya ɗaure. Haddar ba ta isa ba, sai kin gane me mol yake nufi.

Mol ƙidaya ce, kamar dozin a wajen mai ƙwai. Dozin 12 ne, mol kuwa wancan adadin da kika haddace ne, wanda ake kira adadin Avogadro. Tunda ba a iya ƙirga atom (ƙwayar zarra) ɗaya-ɗaya, sai a auna nauyi. Ɗauki ruwa, H₂O: atom ɗin haidurojin biyu (nauyinsu 1 + 1) da atom ɗin oksijin ɗaya (nauyinsa 16), jimla 18. Wato giram 18 na ruwa mol ɗaya ne, giram 36 mol biyu. Nauyin da aka ba ki, ki raba da nauyin mol ɗaya, shi ke nan.

Inda ɗalibai suka fi zamewa: iskar oksijin O₂ ce, wato atom biyu, nauyinta 32, ba 16 ba. Sannan wajen daidaita lissafin haɗuwar sinadarai, kada ki taɓa ƙananan lambobin ƙasa, kamar 2 ɗin da ke cikin H₂O. In kin mayar da H₂O ya zama H₂O₂, ba ruwa ba ne kuma, wani sinadari ne daban.