Filin Tambayi Bakanike: Hilux ɗina tana dukan ganga in na taka birki

Tambaya:

Assalamu alaikum Oga, ya aiki ya jama'a. Ni dai ina da tsohuwar Hilux ƙirar 1992 mai shan fetur, ina lodin buhunan hatsi da ita daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau. Yau kusan wata biyu kenan duk sanda na taka birki sai inji dum dum dum kamar ana dukan ƙasan motar da taɓarya, in ina gudu ƙarar na sauri in ta kusa tsayawa sai ta rinƙa raguwa har ta ɗauke, kuma tafi fitowa in ba kaya a baya. Na kai gareji an canza min fad ɗin gaba an karɓe min kuɗi amma ko gezau, wani kuma yace wai shokozoba ce. Sitiyari dai baya rawa amma ina jin birkin na ɗan turo min ƙafa. Dan Allah a taimaka kafin in ƙara zubar da kuɗi.

Mai karatu daga Gumel, jihar Jigawa

Amsa:

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara buɗi. Wallahi da duk masu kawo mota gareji zasu yi bayani irin naka da mun huta, don galibi mutum zai zo ne yace maka "Oga tana wani ƙara" shikenan, kai kuma ka zama boka.

Ƙarar da birki ke fitarwa irin wannan iri biyu ce, kuma raba su shine rabin aikin. Akwai wadda zaka ji ƙwal sau ɗaya tak daidai lokacin da ka taka, wani sa'in ka sake jinta in ka ɗaga ƙafa zaka tashi. Wannan wani abu ne ya kwance yake wasa. Akwai kuma mai maimaituwa, tana bin juyin taya, gudu ya ƙaru ta ƙaru ya ragu ta ragu. Irin taka kenan. Toh abin da ke bin juyin taya ai dole abu ne mai juyawa tare da tayar, shokozoba kuwa bata juyawa, in ta mutu a gargada da ramuka zata dame ka ba sai ka taka birki ba. Don haka ka bar wannan maganar, kar ka saya.

Saura gaba ne ko baya. Birkin motarka faifai ne a gaba, baya kuma dram, wato kwanon ƙarfen da ke juyawa tare da taya, birki na kama shi ta ciki. In faifan gaba ne ya lanƙwashe ko ya cinye ba daidai ba, hannunka ne zai fara sani don sitiyari zai rinƙa kaɗawa musamman in ka taka kana kan gudu. Kai kuma kace sitiyari lafiya lau, ƙafa ce ke ji, kuma in motar ba kaya abin yafi fitowa, ai bodi in babu lodi ganga ne, duk abin da ya buga a ƙasa sai ya amsa. Ni zargina kaf yana kan dram ɗin baya.

Amma kar ka ɗauki maganata haka nan, ga gwajin da ko sisi ba zaka kashe ba. Samu miƙaƙƙen titi busasshe inda ba mutane ba dabbobi, motar ba kaya, ka ɗauki gudu kaɗan kamar kilomita 20 zuwa 30 a awa, kar ka taɓa birkin ƙafa, ka ja hambirki a hankali kana riƙe dashi yadda ba zai maƙale ba. Hambirki tayoyin baya kawai yake kamawa. In kaji dum dum ɗin nan taka ta fito toh magana ta ƙare, a baya take. In shiru, sai a koma gaba a duba faifai da kusoshin kalifa (abin da ke matse fad a jikin faifai) da boris. A hankali nace fa, in ka fizge shi tayoyin baya zasu ƙame motar ta juya da kai.

In an tabbatar baya ne, kafin a kwance komai a fara sa sifana a notocin taya, na sha ganin an kwana ana neman ciwo ashe noti biyu ne suka saki. A shafa tayar da hannu ciki da waje ko ta yi ƙulu, duk da dai taya mai ƙulu ko baka taka birki ba zata rinƙa buga maka. Sannan a ɗaga motar a sa mata abin tokare mai ƙarfi, jak kaɗai ba abin yarda bane, a juya tayar da hannu. Dram mai lafiya zaka ji shuuu ɗinsa iri ɗaya har ya zagayo, wanda ya lalace kuwa sai ya wuce salin alin a wani gefen ya cije a wani, ya saki ya sake cijewa. Wannan cijewar ita kake ji a ƙafarka, don dram ɗin ya tashi daga da'ira ya koma kamar ƙwai, duk zagaye ɗaya sai ya ture shu ɗin birki, wato ƙarfe mai fata da ke goga cikin dram, shi kuma ya turo man birki baya.

Me ke jawo haka? Zafi. Kuma Malam mu faɗa wa juna gaskiya, motar da aka ƙera don kaya wajen tan ɗaya ku kuna ɗora mata buhu 20 har da yaran mota a sama, dram ya ɗau zafi kamar kaskon tuya sai kuma a faɗa kududdufi da damina, ko a tsaya a ja hambirki da ƙarfi yana kan zafin ya huce a matse. Ƙarfe ba zai yafe wannan ba.

In aka cire dram ɗin ka tsaya a wajen da kanka ka leƙa cikinsa. Tabo mai shuɗi shuɗi alamar ƙuna ce, in kuma ka ga tsagewa ko da siririya ce kamar gashi toh a jefar dashi, ba gyara. In ba tsagewa ana iya kai shi wajen masu injin fiƙe ƙarfe su daidaita cikin, amma akwai lamba da kamfani ya buga a jikinsa, iyakar faɗin da aka yarda cikin ya kai, in fiƙewar zata wuce nan sai dai sabo ko na Beljiyam mai kyau, kana shiga Kano ai kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ba nisa. Kuma biyu ake yi, hagu da dama, tare da shu ɗinsu, in kayi ɗaya motar zata rinƙa ja gefe.

Ka duba shu ɗin ma. In ka gansu sun jiƙe baƙi ƙirin suna warin man giya, oyil sil ɗin aksul ne ke yoyo, in kuma man birki ne toh silindar tayar ce, kuma shu ɗin da ya jiƙe da mai kamawa yake yana saki, shima yana kawo irin wannan bugun. Wankewa da fetur ba magani bane, canzawa ake bayan an toshe yoyon. Wani lokacin ma fatar shu ɗin ce ta ɓare daga ƙarfenta ko ɗan sifirin ɗin ciki ya karye. In duk an yi wannan an sa dram mai kyau amma bugun na nan, sai a zargi sandar aksul ko ta lanƙwashe, abin da lodi da rami suka saba yi, ko boris ɗin baya.

Masu jin ƙwal sau ɗaya kuma, tunda nasan zaku rubuto, ku duba yu-bolt da santa bolt na sifirin, bushin, boljoyin da kuros ɗin farfela. Akwai wata a-kori-kura da ta taɓa cinye min yini guda, mun kwance gaba mun kwance baya, yarona ne da ya shiga ƙasa ɗauko sifana ya dafa safaya taya yaji tana lilo, ashe sarƙar da ke riƙe ta ce ta saki, duk birki sai ta daki bodi. Kunya kamar in nutse.

Abu ɗaya nake roƙonka, in wani yace bari ya toshe layin man birkin baya da ƙusa ƙarar ta ɗauke, ka karɓi makullinka ka tafi. Ƙarar zata ɗauke kam, amma ka koma birkin gaba kaɗai kenan da lodin hatsi a bayanka. Kafin a gyara ka rage kaya ka rage gudu, in zaka gangara ka sa ƙaramin giya inji ya taya ka riƙewa. In ko kaji birkin ya fara nutsewa ƙasa ko man birki na raguwa a kofinsa, ajiye ta a inda take a kira bakanike ya same ka can.

In kayi gwajin hambirkin ka rubuto mana abin da kaji.