Amsa ga mai neman madubin hangen nesa na yaro

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce ɗanki mai shekara 8 ya ƙwallafa rai a kan kallon tsuntsaye, mai shago a Terminus kuma yana ta yaba miki madubi mai lamba 20x50, wai ya fi ƙarfi. Don Allah kar ki saya. Na daɗe ina fita da yara kallon tsuntsaye a nan Jos, kuma babu abin da ke kashe musu sha'awa kamar madubin da ya fi ƙarfin hannunsu.

Lambar farko tana nuna sau nawa yake kusanto da abu, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. In ta farko ta yi yawa, rawar hannu ma ninkuwa take, filin da ake gani ya tsuke. Yaro na laluben reshe, tsuntsu ya tashi. Ki tsaya a 6 ko 7, iyaka 8. Irin 6x30 shi na fi yarda da shi. 8x21 ba nauyi, amma yana duhu da asuba, lokacin da tsuntsaye suka fi fitowa.

Abin da iyaye ba su cika lura da shi ba shi ne tazarar idanu. Yawancin na manya ba sa matsuwa ƙasa da milimita 56, idanun ƙaramin yaro kuwa sun fi haka kusa da juna. Sai ya riƙa ganin baƙi-baƙi a gefe, ko ya rufe ido ɗaya, kuma ba zai faɗa miki ba, ya ɗauka haka abin yake. Shi ya sa nake roƙon ki je da shi. Ya matse madubin har da'ira biyu su zama ɗaya, ya karanta wani allo daga nesa, ya murɗa abin saitin da yatsansa. In abu ɗaya ya fito biyu, ki ajiye, ciwon kai zai jawo masa. Wannan ya fi yawa a na gwanjo da suka taɓa faɗuwa. Masu gilashi mai launin ja da masu zum (waɗanda ake ƙara ko rage ƙarfin kusantowarsu) ki wuce su.

Igiyar wuya dole ce. Da hunturu a hure ƙura kafin a goge, don goge ta da bakin riga yana karce gilashi. Ki ja masa kunne sosai: kada ya taɓa kallon rana da shi, ko na daƙiƙa ɗaya, yana iya lalata ido har abada.

In kun saya, ku fara da tsuntsayen gida, kurciya da hazbiya. Hannunsa ya saba, sai ki nemi izinin kai shi dajin Amurum da ke Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take. Ku isa kafin rana ta ɗaga, ku tafi da rigar sanyi.