Filin Tambaya da Amsa: Rijiyoyin Gombe Sun Koma Darazo a Taswira

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya iyali. Ni ɗaliba ce a nan Gombe, ƙungiyar matasan unguwarmu ce ta sa muka zagaya da wayoyinmu muna ɗaukar lambobin GPS na rijiyoyin burtsatse, masu aiki da waɗanda suka lalace, tun daga Pantami har Bolari da Jekadafari, muka tara su a Excel. Toh da na zuba su a QGIS, manhajar haɗa taswira ta kwamfuta, sai na ga duk sun tashi sun koma can wajen Darazo a jihar Bauchi, guda uku kuma ban ma gan su ba sai da na ja taswirar na same su a tsakiyar teku. Dan Allah ina na yi kuskure? Sati mai zuwa za mu kai wa masu gyara.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya saka muku da alheri, wallahi aikin nan da kuka ɗauko ya faranta min rai sosai domin duk wanda ya san wahalar ruwa a Gombe lokacin bazara ya san darajarsa.

Abin da ya kai rijiyoyinki Darazo musanye ne kika yi tsakanin latitud (lambar da ke nuna arewa ko kudu) da longitud (mai nuna gabas ko yamma). Wayarki tana fara ba ki latitud sannan longitud, shi kuma QGIS a wurin shigar da fayil X yake fara tambaya sannan Y, kuma X ɗin nan longitud ne, Y shi ne latitud, sai mutum ya bi jerin da ya gani a Excel ya saka na farko a akwatin farko shi kenan komai ya juye. Garin Gombe yana wajen latitud 10.29 da longitud 11.17. In kika juya su kin koma 11.17 arewa da 10.29 gabas, wato tsakanin Darazo da Misau, tazarar fiye da kilomita 130. Kuma abin da ke damuna da wannan kuskuren a yankinmu shi ne lambobin biyu suna kusa da juna, saboda haka ɗigon rijiyar a taswira ba ya fita Najeriya balle mutum ya farga da wuri. A Bauchi ma ya fi muni, latitud 10.31 longitud 9.84, in aka juya ɗigon yana nan kusa a cikin yankin, wanda bai san ƙasar ba sai ya karɓa a haka ya tura mai gyara daji.

Ga yadda za ki yi. Ki buɗe Excel ɗin ki tabbatar layin farko kanun bayanai ne kawai, suna, unguwa, latitud, longitud, hali, babu ɗakunan da aka haɗe babu kwalliya a sama. Kafin ki ajiye shi a matsayin CSV, wato fayil na rubutu zalla da za ki shigar a QGIS, ki duba yawan lambobin da ke bayan ɗigo, domin Excel abin da ke bayyane a fuska shi yake rubutawa cikin CSV, in an saita shi yana nuna lamba biyu kawai to 10.28974 zai zama 10.29 kuma ragowar ta tafi. Digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne, kin ga lamba biyu bayan ɗigo ba ta rarrabe abin da bai kai kilomita guda ba, sai rijiyar Bolari ta hau kan ta maƙwabta. Ki bar aƙalla lamba biyar, wannan ya kawo ki kusan mita ɗaya. Sai ki shiga QGIS ki danna Layer, Add Layer, Add Delimited Text Layer, ki zaɓi fayil ɗin, X ki ba shi longitud, Y latitud, a wurin tsarin ma'auni ki zaɓi EPSG:4326 wato WGS 84, shi ne wanda GPS na waya ke amfani da shi.

Guda ukun nan na cikin teku kuwa, ki duba su, za ki samu sifiri ne aka rubuta a wurin lambobinsu, wataƙila wayar ba ta kama ba a lokacin. Sifiri da sifiri wuri ne a Tekun Atlantika kudu da Ghana. Kar ki ƙirƙiro musu lamba da ka, ku koma wurin ku sake ɗauka, ku tsaya a fili ku ɗan jira wayar ta nutsu.

In kuma cikin abokan aikinki akwai wanda ya rubuto nasa da digiri da minti da sakan, kamar 10°17'24", sai ki raba mintin da 60, sakan ɗin da 3600, ki tara su kan digirin, zai ba ki 10.29. Kar a gauraya salo biyu a fayil ɗaya.

Bayan sun fito ki ɗora taswirar OpenStreetMap, mai nuna tituna da unguwanni, a ƙarƙashi, ki nemi rijiya biyu ko uku da kika sani ido da ido, ta bayan gidanku misali, ki ga ko ta zauna a inda take. Sannan ki yi Export zuwa GeoPackage, fayil ɗin da ke adana ɗigogin a cikinsa, don abin da kika shigar yana rataye ne da CSV ɗin, in kika matsar da fayil ɗin zuwa wani wuri ɗigogin za su ɓace. Masu gyaran kuwa da wuya a ce suna da QGIS, ki ɗora musu CSV ɗin nan a Google My Maps, yana karɓar layi har 2,000, ki tura musu mahaɗin ta WhatsApp su buɗe a waya, ki sa wa lalatattun rijiyoyin jan launi.