Amsoshin Masu Karatu: Baftisma, Jagora da Nufin Allah

Wani katekis, wato malamin da yake koyar da addini a cocin Katolika, daga karkarar Sumaila ya tambaya dalilin da ya sa ake cewa baftisma, alhali Bahaushe yana da kalmar wanka. Malam, baftisma kalmar aro ce daga Girkanci, inda asalinta yake nufin tsoma abu cikin ruwa, kuma ta zauna a Hausa ta hanyar Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkiyar fassararsa ta fara fitowa a 1932. Masu fassarar sun kyauta da suka ƙyale wanka, domin wanka abu ne da ake maimaitawa, mai jego ma sai ta kwashe kwana arba'in tana yi. A koyarwar Katolika kuwa baftisma sau ɗaya ake yi wa mutum a rayuwarsa, ranar da Fada, wato limamin coci, zai zuba masa ruwa a ka sau uku da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Masu rubuta ta da harafin p kuma su yi wa Allah su daina, ko hira suke yi a WhatsApp.

Wata malama daga wajen Birnin Kudu ta ce kullum tana addu'a Ruhu Mai Tsarki ya yi mata jagora, tana so ta san tushen kalmar. Malama, kin sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Kalmomi biyu ne aka haɗa, ja da gora, wato sandar da makaho yake riƙewa. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar ƙauye ya ga yaro a gaba riƙe da kan sanda, dattijo a baya riƙe da gindinta, yaron yana kauce wa kwata da tulin tumatir, dattijon yana jin kowace karkata a tafin hannunsa tun kafin a ce masa komai. Wannan yaron shi ne ɗan jagora. Saboda haka wanda ya roƙi jagora ya riga ya amsa cewa ba ya ganin hanya, ya kuma ɗauki alkawarin ba zai saki sandar ba ko da an bi da shi ta inda bai zata ba. Abin da yake damuna shi ne yadda 'yan siyasa da 'yan jarida suka tsotse wa kalmar ruwa, har duk wanda ya zauna a kujerar gaba wurin taro ya zama jagora, ko da bai taɓa jan kowa zuwa ko'ina ba. Haka ma mai addu'ar da ya gama yanke shawarar sayar da gonar gado, sa'an nan ya durƙusa yana neman jagora, a Hausance sa hannu yake nema.

Wani matashi daga Tudun Wada ya tambaya ko nufi da ƙaddara ɗaya ne. Ɗana, ba ɗaya ba ne. Ƙaddara aukuwa take yi ko an so ko an ƙi, amma nufin da ake roƙo a Addu'ar Ubangiji a aikata shi a duniya kamar yadda ake yi a sama, yana jiran amincewar mutum, kamar yadda Maryamu ta amsa wa mala'ika a Luka 1:38 cewa ita baiwar Ubangiji ce. Manomin da ya ƙi yin noman farko ya bar ciyawa ta cinye gero, ba shi da bakin kiran abin nufin Allah.

Wanda ya tambaya ko "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi" ya dace da baftismar jarirai, karin maganar kan tarbiyya yake, don haka ya fi dacewa da aikin iyaye da uban baftisma bayan an watse daga coci.

Mai tambaya a kan "ranar wanka ba a ɓoye cibi" kuwa, wannan ba ruwansa da baftisma, kada a sake sa shi a katin gayyata.